Idon Baba

Na san kun ji labarin, don babu ɗayanku da bai taɓa dawowa daga biki a Azare da guntunsa a baki ba. An ce muku wai akwai shekarar da boko ya hau mini kai, har na riƙa zama da mahaifina a ƙofar gida ina ɗaga masa murya, ana jiyo ni daga bakin titi. An kuma ce muku wai yana kwance rai a hannun Allah na saɓa jaka na tafi kudu neman takarda. To, duka biyun an yi su, ba zan ce ƙarya aka yi mini ba. Sai dai wanda ya jiyo magana ta bayan katanga rabinta yake samu, kuma Gwaggo Yelwa, ƙanwar Baba, Allah ya jiƙanta, ta bayan katanga ta jiyo tata. Tunda yanzu hannu ya fara rawa, na ajiye allura, bari in ba ku ɗaya rabin kafin a rasa mai bayarwa.

Kakanku mutumin Katagum ne, Bafulatanin gida, dillancin shanu ya kawo shi Azare ya zauna. Dogo ne siriri, ba ya rabo da babbar riga ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ni ne ɗansa na fari, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a gidan da ake fulako, kunyar nan ta Fulani. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai aike ni sai ya dubi bango ya ce a gaya wa wancan ya je ya dubo maraƙin nan, alhali ina tsaye a gabansa. Ni ma haka na tashi. In zan gaishe shi, in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa, idona a kan tabarma. Na san ƙafafun Baba ciki da bai, na san tabon da ƙahon sa ya bar masa a ƙauri, na san zoben azurfan da ke yatsansa. Amma da za ku tambaye ni a lokacin yaya ƙwayar idonsa take, wallahi sai dai in ƙaga muku. Kome ya faɗa, amsata ba ta wuce "to" ko "haka ne". Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin takura ba, har gobe kuwa. Tarbiyya ce, da ita ake gane ɗan mutunci a garinmu.

Da na zama likita sai na zaɓi fannin sa barci. Mu ne muke kwantar da mutum kafin a yi masa tiyata, mu riƙe numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama, sa'an nan mu tashe shi. A gida babu wanda ya ga abin yabo a ciki. Gwaggo Yelwa cewa take yi yaro ya ƙare ƙuruciyarsa yana karatun abin da ita take yi da zanen goyo da jijjiga. Na yi shekarun horo a asibitin koyarwa, na haye jarrabawar farko, saura ta ƙarshe, wadda in ka ci ta ka zama ƙwararre, babu mai sake tsaya maka a ka. A kudu ake yin ta. Akwai ta rubutu, akwai ta duba marar lafiya, sa'an nan akwai ta baka, inda za a zaunar da kai gaban manyan malaman fannin su yi ta jefo maka tambaya.

Ta bakan ce ta kayar da ni. Wani dattijon farfesa, kansa fari fat, ya ce in ɗauka an kawo mace mai naƙuda, haihuwa ta gagara, dole a yi mata aiki yanzu-yanzu, ga shi kuma ba ta daɗe da cin abinci ba. Na ba shi amsa tiryan-tiryan: sai an zura mata bututu a maƙogwaro an tsare hanyar iska, don in ta yi amai tana cikin barci, huhu abincin zai gangara ya kashe ta. Sai dattijon nan ya kaɗa kai ya ce shi tun kafin a haife ni yake wannan aiki, kuma abin rufe hanci da baki kawai yake kifa musu ya wuce, bututu ɓata lokaci ne. Na san ba haka ba ne, ko daga barci aka tashe ni na sani. Amma furfura ce a gabana, sa'ar Baba. Ban ankara ba sai na ji kaina ya sunkuya, bakina ya ce masa da turanci, haka ne ranka ya daɗe. Bawan Allahn nan ya sake maimaitawa, ya buɗe mini ƙofa in kuɓuta, na sake cewa haka ne. Da sakamako ya fito babu sunana.

Malamin da ya horar da ni shi ya warware mini abin da na koma. Ya ce tarko ne aka ɗana mini, kuma ana ɗana wa kowa.

"So suke su gani," in ji shi, "ranar da babban likitan fiɗa ya daka maka tsawa a ɗakin tiyata ya ce a yi abin da zai kashe mutum, za ka iya tsayawa? Marar lafiya yana barci. Ba shi da baki sai naka."

Ya kuma gaya mini abin da ya fi wannan ɗaci. Waɗanda suka ɗauki nauyin karatuna sun ce zama ɗaya ya rage mini. In na sake faɗuwa, in tattara in dawo, fannin ya wuce ni ke nan. A iya sanina kuwa a lokacin duk yankinmu babu ƙwararren likita a wannan fanni, ma'aikatan jinya ne ke ta fama, suna iyakar ƙoƙarinsu da kayan aikin da suka tsufa.

Sai na ɗauki hutun karatu, na kwaso uwarku muka taho Azare ana tsakiyar damina, tana ɗauke da cikin Hauwa. Na share shagon zaure na jibge littattafai. Karatu dai ba shi ne damuwata ba, na haddace littattafan har sun gundure ni. Uwarku ta ce ita za ta zama farfesa. Ta riƙe littafi, ta murtuke fuska, ta riƙa faɗin abu a karkace don in musa. To, da ita kam musu bai taɓa yi mini wuya ba, ku ma shaida ne. Muka yi ta yi har ta gaji ta ce ita ba ta ga ciwon da ake nema wa magani ba.

A jikin gidanmu akwai shagon Emeka, ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan keke da na babur. Ya daɗe a Azare, Hausarsa har da karin magana, kuma kullum da hantsi sai ya fito da benci sun taɓa hira da Baba, wanda ba ya kiransa da komai sai Maƙwabci. Ya ga ina ta safa da marwa a ƙofar gida ina magana ni kaɗai, ya tambaye ni lafiya. Da na ba shi labari, dariya ya yi har da riƙe ciki. Shi ma ya gwada zama farfesan, har da aro tabarau, na kuwa wanke shi tas. Sai ya cire tabarau ɗin ya ce:

"Likita, ni ba zan yi maka amfani ba, ba ka jin nauyina. Furfura ce ta kayar da kai, furfura za ka nema."

Na gane inda ya dosa, na roƙe shi don girman Allah kada ya kai maganar nan gaban Baba. Ya ce to. Kashegari da hantsi ya kai.

Bayan la'asar aka ce Baba na kira. Na same shi a inuwar bishiyar mainar ƙofar gida, an shimfiɗa tabarma biyu suna fuskantar juna. Na nufi gefe zan durƙusa inda na saba, sai ya nuna mini ɗaya tabarmar da carbinsa. Na zauna kamar a kan ƙaya. Da ya buɗe baki da ni ya yi magana, kai tsaye, abin da ban saba ji ba.

"An ce wani tsoho ya taya maka ran mutum a banza, ka sallama."

Na ce haka ne.

"Mu a kara, kasuwar shanu, in mutum ya yi tayin da bai kai ba, ko shi ya haife ka, ba zaginsa ake yi ba. Dubansa za ka yi ka ce albarka, shi ke nan. Ban taɓa jin an kira mai cewa albarka marar kunya ba. Wanda aka ba amanar dabba ya sallama ta don yana jin nauyin mai saye, shi ne ba a sake ba kiwo."

Daga ranar muka kafa zama kullum bayan la'asar. Baba bai yi boko ba, amma yana da kan dillali, abin da ya shiga ba ya fita. Ni zan ɗauko babi in bayyana masa da Hausa, yadda ake auna magani da nauyin jiki, abin da ake yi in jini ya zuba da yawa, dalilin da ake hana mutum ci kafin aiki. Ya saurara ido rufe. Can sai ya juya maganar ya kifa ta, ya ce ai yanzu ka ce jariri da ƙato allura ɗaya ake ɗura musu. Ni kuwa sai in kama kame-kame, ina to Baba, sai dai wataƙila, ko da yake, idona a kan tabon ƙaurinsa. Ya bar ni in gama, sa'an nan ya naɗe carbi ya ce na sallama, yau ma an yi rashi, Allah ya ba iyayen yaron haƙuri, in tashi sai gobe. Haushi ya riƙa cika ni, in koma shagon zaure ina cizon yatsa. Na je da niyya, na shirya a'a ɗina tun daga alwala, amma da na ji muryarsa sai ta narke. Kada ku zaci shi abin yana yi masa sauƙi. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana kauce wa ɗansa na fari, ga shi yau gwiwa da gwiwa da shi a bainar jama'a. Gwaggo Yelwa ta same shi har ɗaki ta ce wannan wane irin abin kunya ne, shi da ɗan fari gaba da gaba kamar masu dara. Ya ce mata ta je ta ji da tukunyarta.

Haka muka yi ta yi har gero ya fara nuna, jarrabawa ta matso. A 'yan makonnin nan Baba ya daina zuwa kasuwar Gamawa, wadda tun tasowata ban ga ya fasa ba. Ya ce ƙafa ce ta gaji, na ce haka ne.

Ran nan na zauna zan buɗe littafi, ya ce in rufe. Daga cikin gida ina jiyo uwarku tana dariya da masu tsinkar zogale.

"Yau ba wata mace can ba ce," in ji Baba. "Yarinyar nan ta ɗakinka ce, da abin da ke cikinta. Haihuwa ta gagara. Ta ci tuwo ta ƙoshi. Ni ne babba a ɗakin, na ce ba za a sa bututun nan ba. Ni na haife ka. Na ce kada ka sa."

Ban san daga inda muryar ta fito ba.

"A'a, Baba! Wallahi ba za a yi haka ba, sai na sa!"

Wannan ita ce tsawar da Gwaggo ta jiyo ta bayan katanga, ta saki ƙwarya tana salati, kuma ita ce ake ba ku labari har yau. Abin da ba ta gani ba shi ne na ɗago kai. Baba murmushi yake yi, irin wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Ni kuwa murnata ba ta kai ko'ina ba, don ina kallon idonsa a hasken la'asar sai gabana ya faɗi. Farin idon nan ya rine, ya koma kalar garin ɗorawa. Gefen goshinsa ya lotsa. Ban nemi izini ba na miƙa hannu na ja fatar idon ƙasa, karo na farko ke nan da na taɓa fuskar mahaifina. Na ce tun yaushe. Ya ce tun kafin shuka. Na shigar da shi ɗaki na tuɓe masa babbar rigar, sai ga haƙarƙari a waje, ga sawun susa duk jikinsa. Da na ɗora hannu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama na ji hantar ta kumbura ta yi tauri, duk ƙulu-ƙulu. Likita guda yana kwana a zauren gidan wata da watanni, yana gaishe shi safe da yamma, bai gani ba.

Kashegari na kai shi asibiti, wani abokin karatuna ya duba, aka yi gwaje-gwajen da za a iya. Abin da hannuna ya gaya mini shi ne. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yi nisa, babu abin da wuƙa ko magani za su yi a nan ko a wani wuri. Abin da ya rage sai rage masa zafi, wannan kuwa sana'ata ce. Na koma shagon zaure na zazzage jakar da na fara haɗawa. Na yanke ba za ni ba, fannin ya tafi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Uwarku ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba, ta dai ce in je in faɗa masa da bakina.

Na same shi a kishingiɗe. Kafin in gama ya katse ni, ya ce lafiyarsa ƙalau, shawara ce, an kawo masa saiwa daga Dagauda, kwana kaɗan za ta washe. Na dube shi na ce a'a Baba, ba shawarar da ka sani ba ce. Na gaya masa gaskiya duka, ban rage ba, ban kuma sauke ido ba. Ya saurara kamar yadda yake sauraron babi.

"In ka zauna zan warke?"

Na ce a'a.

"In ka tafi za ka tarar da ni?"

Na ce ban sani ba.

"To, ka taya," in ji shi. "Albarka."

Na buɗe baki zan ƙara, ya ɗaga hannu ya ce ciniki ya ƙare, bai sallama ba, in tashi in haɗa kayana. Har yau in na tuna kalmar nan sai in rasa wacce ya nufa, ta kara ko ta uba. Ina jin duka biyun ya ba ni a dunƙule.

Na tsara masa magungunan rage zafi, na damƙa wa wani ma'aikacin jinya da na yarda da shi, na koya wa uwarku abin da za ta lura da shi. Emeka ya goya ni a babur zuwa tasha, ya ce in tafi da zuciya ɗaya, shi yana nan. Gwaggo Yelwa ko sallamata ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba, ɗan'uwanta ne. Tafiyar nan ita ce mafi tsawo a rayuwata. Gidanmu babu waya a lokacin. Na yi ta rubutu, na yi ta duba marar lafiya, ban san ko maraya ne ke riƙe da alƙalamin ba. Ranar ta baka wani dattijo na samu, ba na farkon ba, amma furfurar iri ɗaya ce. Da na zauna, abin da na fara dubawa farin idonsa ne, kuma wannan ɗabi'a ba ta sake ni ba har na bar aiki. Muka yi nisa, sai ya jefo nasa tayin, a kan maganin da za a ba ƙaramin yaro. Na dube shi na ce, ranka ya daɗe, ban yarda ba, ga dalilina. Ya buga tebur ya ce ni wa. Na sake faɗa masa a hankali, da ladabi. Ya sunkuya ya yi rubutu. Da aka kafe sunaye nawa yana ciki, ban tsaya ko shan ruwan da ake ba waɗanda suka ci ba na nufi tasha.

Da na shigo unguwarmu ban iya duban ƙofar gida ba, tsoron ganin tabarmin zaman makoki nake yi. Shagon Emeka na duba, don na san in an yi rashi ba zai buɗe ba. Na hango shi a buɗe, yana auna wa wani bututun taya. Nan na zauna a kan bencinsa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Baba ya ƙara ƙanƙancewa, muryar ta dushe, amma hankalinsa garau. Bai tambaye ni ko na ci ba.

"Ya taya?"

Na ce ya taya.

"Ka ce?"

Na ce albarka na ce masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga baya uwarku ta ce ita a ganinta Baba ya daɗe da sanin abin da ke jikinsa, fulako ne ya hana shi faɗa wa ɗan fari, sai Allah ya kawo masa hanyar da zan gani da kaina. Ni ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba. Abin da na sani shi ne, a shekarun da na yi a ɗakin tiyata na sha tsayawa gaban manya in ce ba za a yi ba, akwai kuma mutanen da ke yawo a Azare da Giade da Gamawa yau da jikokinsu saboda haka, ba su san sunan Baba ba. Na gode wa Allah da ya ba ni shi. Na gode wa uwarku da ta yi jinyarsa da tsohon ciki, na gode wa Emeka da ya ƙi riƙe mini sirri. Gwaggo ma na gode mata, don kishin ɗan'uwanta ne ya sa ta riƙe ni a zuci, ku daina jin haushinta.

Allah ya ara mana shi har aka gama girbi, ina gefensa, allurarsa a hannuna, bai wahala ba sosai. Bai ga Hauwa ba, da kaɗan suka saɓa. Ana jibi zai rasu na shiga gaishe shi da safe, na tarar an jingina shi da matashi. Ya ce yau kam ya ji sauƙi ƙwarai, ƙarfi yana dawowa, yana jin kasuwa mai zuwa zai leƙa Gamawa ya ga yadda shanu suke. Ya faɗa yana kallona, yana jira. Na dubi idon nan da na makara ban sani ba, na dube shi da kyau. Sa'an nan na mai da kaina ƙasa, na sami tabon ƙaurinsa inda na bar shi.

Na ce, "Haka ne, Baba."